Yadda za ka bi zancen zucin Sa'id Mahran ba tare da ya ja ka rami ba

Mutane da yawa idan suka ɗauki Al-Lissu wal Kilab (Ɓarawo da Karnuka), littafin labari na marubucin Masar Najib Mahfuz, wanda ya fito a 1961, shafi uku huɗu sai su ajiye, wai sun kasa gane wa ke magana, marubucin ne ko Sa'id Mahran ne, ɓarawon da labarin ke kansa. Kuma da gaskiyarsu fa, don wanda ya saba da Sulasiyyar Mahfuz, wato jerin littattafansa uku na 1956 zuwa 1957, ya saba da mai ba da labari da ke riƙe masa hannu yana nuna masa gida da titi da halin kowa, to a nan babu wannan, an kulle ka ne cikin kan mutum ɗaya da ya fito daga kurkuku bayan shekara 4 zuciyarsa na tafasa. Salon da masu nazarin adabin Larabci ke kira tayyarul wa'ayi kenan, tunani na kwarara yadda ya zo, ba jeri ba tsari.

Abu na farko, ɗauki fensir ka riƙa bin lamiri. Cikin sakin layi ɗaya za ka ga huwa (shi), kafin ka ankara ya koma anta (kai), can kuma sai ana (ni). Inda aka ce huwa, ana nuna maka Sa'id daga waje ne, yana tafiya a titunan Alƙahira cikin zafi da ƙura. Inda ya koma anta to ka tsaya ka tambayi kanka da wa yake, don wani lokacin da kansa yake yi, yana zuga kansa ko yana yi wa kansa faɗa, wani lokacin kuma da Nabawiyya yake, matar da ta rabu da shi ta auri yaron aikinsa Ilish, ko da tsohon ubangidansa Ra'uf Alwan, alhali babu ko ɗaya a wurin. Ka sa alama daban wa kowanne a gefen shafi. Babi biyu kawai za ka yi a haka kunnenka ya saba, daga nan ma ka ajiye fensirin.

Sai ka riƙa neman abin da ya tayar da tunanin. Ba haka kawai Sa'id ke faɗawa cikin tuna baya ba, akwai abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Gidan Shehu Ali al-Junaidi na tuna masa da mahaifinsa da ke kawo shi wurin zikiri yana yaro. Katafaren gidan Ra'uf a bakin kogin Nilu kuma na dawo masa da wancan Ra'uf ɗin, ɗalibi talaka a gidan kwanan ɗalibai inda mahaifin Sa'id ke gadi, Ra'uf ɗin da ya koya masa son karatu ya kuma nuna masa cewa satar kayan masu kuɗi ba laifi ba ne. Ta haka Mahfuz ke ba ka tarihin mutumin, gutsure-gutsure, kai ne za ka harhaɗa. Ka samu takarda ka jera su bisa shekaru, sai ka ga ashe tun yana yaro ake gina wannan fushin.

Yanzu ga inda na fi so a daɗe, don a nan ne yawancin masu karatu ke zamewa. Kada ka yarda da Sa'id. Wallahi yana da daɗin baki a cikin zuciyarsa, kuma tunda ba ka jin kowa sai shi, kafin ka farga ka fara ganin duniya da idonsa, kowa maci amana, kowa kare, shi kaɗai ne mai gaskiya. To ka riƙa ɗora abin da ya faɗa wa kansa a kan abin da ya faru a zahiri. Ya je da bindiga zai kashe Ilish, harsashi ya samu wani bawan Allah da ya tare a gidan bayan su Ilish sun tashi. Ya je zai kashe Ra'uf, mai gadin gidan ya mutu. Rai biyu, babu wanda ya taɓa yi masa komai. Ka duba me zuciyarsa ta yi da wannan labarin, minti nawa ta tsaya a kai, da yadda ta yi sauri ta juya zancen ta mayar da shi gwarzon talakawa wanda jama'a ke goyon baya, har ya kai yana zaune shi kaɗai a ɗaki yana kare kansa a gaban wata kotu da babu ita sai a kansa. Wannan tazarar da ke tsakanin zancen zuci da aiki, ita ce halin mutumin. Mahfuz bai taɓa fitowa ya ce maka Sa'id na da girman kai ba, ya bar ka ka kama shi da kanka, kuma a ganina wannan ya fi kowane irin bayani ƙarfi, ya kuma fi ciwo, saboda mutumin an zalunce shi da gaske, 'yarsa Sana ta gan shi ta ƙi shi tana kuka, kuma Ra'uf ɗin da ya cusa masa aƙida ya zama babban ɗan jarida bayan juyin mulkin Masar na 1952 ya juya masa baya.

Mafarkin da ya yi a gidan Shehu ma kada ka tsallake shi don ya yi kama da shirme. A mafarki ne abin da yake dannewa da rana ke fitowa.

Don ganin ko ya sauya ko bai sauya ba, ka bi Nur. Ita ce ta ɓoye shi a ɗakinta da ke kallon maƙabarta, tana kawo masa abinci da jaridu, amma ka lura da ɗan wurin da take samu a tunaninsa a farko, kusan kayan aiki ce kawai, kansa cike yake da waɗanda suka ci amanarsa. Sai da ta fita ba ta dawo ba sannan sunanta ya fara cika masa kai. Babu wanda ya sanar da kai cewa ya fara sonta, yawan ambaton ne ya canza.

Idan ka gama, koma ka karanta babin farko da na 18, wato na ƙarshe, a zama ɗaya. Ka auna tsawon jimloli, ka duba sunayen da ke yawo a kansa can da waɗanda suka rage a nan, da yadda wancan mutumin mai cika baki da alwashin ɗaukar fansa ya ƙare a maƙabarta 'yan sanda da karnukansu sun kewaye shi har ya miƙa wuya ba tare da ya damu ba. In rubutun makaranta za ka yi, daga waɗannan babi biyun za ka ciro hujjojinka, sauran babobin su cike maka tsakiya.