Yadda za ka koyi Turancin kasuwanci ta hanyar bin sawun kuɗi

Mai son Turancin kasuwanci kada ya fara da haddar jerin kalmomi. Na sha ganin ɗalibai sun cika littafi da su, amma ranar da aka turo musu takardar ciniki sai kan ya ɗaure. Hanyar da nake bi da su ita ce mu ɗauki ciniki ɗaya tak, mu bi kuɗin tun daga fitarsu aljihu har dawowarsu, kowace kalma mu same ta a inda take aiki.

Fara da kalmar business kanta. Ana furta ta "biznis", gaɓa biyu. Ma'anarta ita ce samar da kaya ko yi wa mutane wani aiki domin a samu riba. Kayan su ne goods, aikin kuma, kamar gyara ko sufuri ko koyarwa, shi ne services. Amma lura da wannan: in ka ce "I do business with him", kana nufin harkar kasuwancin gaba ɗaya. In ka sa mata "a" a gaba, "I run a business", ta koma kamfani ko sana'a guda da kake gudanarwa, har ana iya cewa businesses in suna da yawa. Haka kuma in wani ya ce maka "It's none of your business", ba maganar ciniki yake ba, cewa yake ba ruwanka.

To, bari mu bi kuɗin. Abin da ka fara harkar da shi, wato jari, shi ne capital. Da shi ka je wurin supplier, mai ba ka kaya, ka saya a kan sari, wholesale. Hajar da ke jibge tana jiran mai saye ita ce stock, Amurkawa sun fi cewa inventory. Sai ka sayar ɗai-ɗai, retail, ga customer. Wanda kuma yake biyan ka don ƙwarewarka, kamar yadda ake biyan lauya ko akanta, an fi ce masa client.

Nan ne nake so ka tsaya ka natsu, domin a nan mutane suke cutar kansu. A ce ka sayi kaya na 1,000, ka sayar 1,300, kuɗin mota da haya suka ci 200. Wannan 1,300 ɗin, duk cinikin da ya shigo hannunka, sunansa revenue. A Ingila za ka ji ana cewa turnover. Ba riba ba ce. Cire kuɗin kayan, saura 300, wannan gross profit ke nan. Cire sauran ɗawainiyar, expenses, saura 100, shi ne net profit, ribar da za ka iya kira taka. In cinikin da ya shigo bai kai abin da ka kashe ba, ka yi loss, asara. Idan banki ko mai son zuba jari ya tambaye ka profit, kai kuma ka faɗi revenue, ka faɗi abin da ba gaskiya ba ko da ba ka yi niyya ba, kuma ranar da aka duba littafinka mutuncinka ne zai zube. Saboda haka duk inda ka ga gross ka fahimci akwai abin da ba a cire ba tukuna, inda ka ga net kuwa an riga an cire. Wannan ƙa'ida tana aiki har a albashi da nauyin kaya.

Sai maganar bashi, wadda ita ma ta cancanci haƙuri. A Hausa kalmar rance ɗaya ce, muna cewa na karɓi rance ko na ba da rance. Turanci ya raba su gida biyu. Mai karɓa borrow yake yi, mai bayarwa lend. Don haka "borrow me" kuskure ne, ko da ka ji mutane da yawa suna faɗa. Ka ce "lend me", ko "can I borrow from you". Kuɗin da aka ranta su ne loan, kuɗin ruwan da wasu ke ɗorawa interest, bashin da ke wuyanka debt, kuma ba a furta harafin b ɗin da ke ciki. Wanda ake bi debtor, mai bin bashin creditor. Sayen kaya bashi shi ne "buy on credit".

Takardu uku ne za su riƙa zuwa maka, kuma a jere suke. Quotation tana zuwa kafin a ƙulla ciniki, tana faɗin farashin da za a yi maka. Invoice takardar neman biya ce, an ba ka kaya ko an yi maka aiki, ga abin da ake bin ka. Receipt, rasit, shaidar cewa ka biya ce, ita ma ba a furta p ɗinta. Kada ka taɓa riƙe invoice a matsayin shaidar biya. Kafin alƙalami kuwa deposit ne, ragowar kuɗin balance, ragin farashi discount.

In harkar ta girma za ka gamu da assets, kadarorin da kasuwancin ya mallaka, da liabilities, abin da ake bin sa, da equity, abin da ya rage wa mai shi bayan an cire na biyun daga na farkon. Debit da credit, ɓangarori biyu na littafin akanta, daga tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu suka fito, wanda masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya bayyana a littafin da aka buga a birnin Venis a 1494. Ltd da kake gani a ƙarshen sunan kamfani gajarta limited ce, ma'ana in kamfanin ya karye, asarar masu hannun jari ba ta wuce abin da suka zuba ba. A Amurka Inc. da LLC ne za ka fi gani.

Kowace kalma ka koye ta tare da aikatau ɗin da take tafiya da shi. Ana cewa "make a profit", "place an order", "pay off a debt", "do business". Ba a cewa "make business". Sannan ka ɗauki cinikin da ka yi yau da hannunka, ka rubuta shi da Turanci cikin jimloli biyar ko shida: wa ya ba ka kayan, nawa ka saya, nawa ka sayar, me ɗawainiya ta ci, me ya rage, wa kake bi. Karanta shi da ƙarfi. Gobe ka rubuta na gobe, ka ƙara masa takardar invoice ɗaya da za ka aika wa wanda bai biya ba.