Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Lofe da Yi Masa Kuɗi Kafin Gwanjo

Kawuna yana da rumfar kayan gwanjo a babbar kasuwar Maradi, irin tarkacen gidajen Turawa da ke zuwa cikin kwali ta Kwatano: agogon bango, cokula, tsofaffin tabarau. Wata Juma'a ya zazzage wani kwali, sai ga lofe guda bakwai naɗe cikin tsumma, duk sun yi baƙi, suna warin tsohuwar taba. Ya ce, "Ɗana, kai da ka yi lakwal, duba mini ko akwai na kirki." Ni kuwa don neman burgewa na ɗauko sanfefa na murje guda ɗaya har ya yi fes. Sai bayan kwana biyu na gane abin da na aikata: na share rubutun da ke wuyansa, wanda shi ne kaɗai shaidar inda aka yi shi da shekarar da aka yi shi. Har yau Kawu in ya so tsokanata sai ya ce, "Ina mai sanfefa?"

Ni ba mashayin taba ba ne, ba kuma ina kiran kowa gare ta ba. Amma akwai mutane a Turai da Amurka da Sin da ke tara tsohon lofe kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi, suna kuma zuba kuɗi a kansa. Ga yadda nake bi yanzu.

Mataki na farko: kada ka wanke, kada ka kankare. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa. Kada ka murɗe bakin da ƙarfi don ka cire shi, wuyan na iya tsagewa.

Na biyu, gane abin da aka yi shi da shi. Mafi yawa na itace ne da Faransawa ke kira bruyère, wato kututturen saiwar wani ɗan itace da ke fitowa a gaɓar Bahar Rum, irin su Aljeriya da Kosika da Italiya da Girka. A garin Saint-Claude na Faransa aka fara sassaƙa shi sosai wajen shekarun 1850, don haka duk wanda ya ce maka lofen wannan itace ya shekara 300, yi masa murmushi kawai. Akwai kuma na farin dutse mara nauyi da ake haƙowa a Eskishehir ta Turkiyya, wanda ke rikiɗa zuwa ruwan zuma in an daɗe ana sha da shi. Jiƙa yatsa ka taɓa cikinsa. Na ainihi yakan ɗan kama yatsan, na garin dutse da aka matse kuwa ya fi nauyi, kuɗinsa kaɗan ne. Na yumɓu mai tambarin Gambier bai wuce 1926 ba, shekarar da masana'antar ta rufe.

Na uku, kuma nan ne aikin yake: karanta tambarin da ke wuya. Ari madubin da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, ka haska fitilar salula daga gefe, ba daga sama ba, don haruffan su yi inuwa. In sun dushe, shafa ɗan alli ka hure. Rubuta komi a takarda, har ɗan lambar da kake ganin ba ta da amfani, domin sau da yawa ita ce ke riƙe da shekarar.

Ɗauki Dunhill na Landan, mai ɗan farin ɗigo a saman bakinsa. Kamfanin ya fara yin lofe a 1910. In ka ga lambar rajista mai farawa da PAT, an yi shi kafin 1955. In babu ita, duba ƙarshen kalmomin MADE IN ENGLAND, za ka ga 'yar lamba. In lambobi biyu ne kamar 18 ko 25, ƙara su a kan 1960: 18 ta ba ka 1978, 25 ta ba ka 1985. Mai lamba ɗaya ya fi rikitarwa, domin 7 na iya zama 1957 ko 1967, kuma girman lambar da yadda aka ɗaga ta sama ne ke raba gardama. A nan sai ka gwada da hotunan waɗanda aka riga aka tabbatar. Farin ɗigon shi kaɗai kada ya ruɗe ka, kowane maƙeri na iya dasa shi.

Peterson na Dabilin, babban birnin Ailan, kuwa tarihin ƙasarsa ne ke nuna shekarunsa. Mai IRISH FREE STATE na tsakanin 1922 da 1937 ne, mai EIRE ya biyo baya, mai REPUBLIC OF IRELAND kuma bai riga 1949 ba. Lofen kamfanin Barling na Landan mai rubutun BARLING'S a lanƙwashe bisa MAKE alama ce ta zamanin da gidan masu kamfanin ke riƙe da shi, kuma masu tarawa sun fi son sa nesa da na bayan shekarun 1960.

Mu nan abin da ya fi faɗo mana shi ne na Faransa: Chacom, Butz-Choquin, Ropp, ko wanda aka rubuta masa ST CLAUDE kawai. Suna da kyau, amma an yi su da yawan gaske, kuma galibi ba su da lambar shekara. Kada ka ɗora musu buri.

Na huɗu, in akwai zoben azurfa a wuyan, ka yi sa'a. Na Ingila yana da ƙananan hatimai a jere: zaki mai tafiya na nufin azurfa ce mai daraja 925, ƙugiyar jirgin ruwa na nufin Bamingaham, kan damisa na nufin Landan, sai harafi ɗaya da ke nuna shekara. Siffar harafin da ta gidan da ke kewaye da shi suna sauyawa daga zagaye zuwa zagaye, don haka sai an duba jadawalin haruffan garin. Sai dai a kula, wani zoben na gyara ne, an sa shi don ɓoye tsagewa. Leƙa ƙarƙashinsa da fitila.

Na biyar, bakin. Na ƙaho ko na ambar (daskararren ƙaron itace), mai ɗan rami zagayayye a ƙarshe maimakon tsaga mai faɗi, yakan nuna tsufa, kusan kafin shekarun 1920. Baƙar roba mai tauri da ta koma kore-kore ba matsala ba ce, masu saye sun san gyaranta. Abin da ke karya kuɗi shi ne a ce bakin ba nasa ba ne. In bai zauna daidai da wuya ba, ko babu alamar kamfani, to aro ne.

Na shida, lafiyar ƙoƙon. Haska cikinsa. Baƙin ɓawon taba ba laifi, amma gurbin da wuta ta ci itacen, ko tsaga, ko leɓen da aka ƙwanƙwasa ya ɓare, duk suna rage daraja sosai. Duba kuma ɗigon da aka cike da ƙulli mai wani launi dabam, alamar itace mai rahusa. Wanda ba a taɓa kunna wa wuta ba, ga kwalinsa ga zabirarsa, shi ne sarki.

Sai kuɗi. Kurakuran mutanenmu a nan suke: mutum ya ga an rubuta Yuro 900 a kasuwar intanet ta eBay sai ya fara lissafin babur. Wannan kuɗin sallama ne a bakin mai kaya. Nemi jerin waɗanda aka riga aka sayar, ka samo uku ko huɗu masu tambari ɗaya da siffa ɗaya da lafiya kusan ɗaya, ka ɗauki na tsakiya. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka lissafin ba wuya. Gidajen gwanjo kuma suna cin la'ada baki biyu. In an buga guduma a Yuro 200 kuma la'adar mai saye kashi 25 ce, zai biya 250, kusan jika 164, kai mai kaya kuwa a cikin 200 ɗin za a cire taka la'adar, ga kuɗin aikawa daga Maradi a kanka. Shi ya sa lofen da bai kai Yuro 50 ba gara a haɗa shi da 'yan'uwansa a sayar a dunƙule. In kuwa ka ci karo da sunan masassaƙi irin Sixten Ivarsson na Danmak ko Bo Nordh na Suwidin, tsaya cak, irin waɗannan dubban Yuro ake magana, kuma jabunsu na yawo.

Kafin ka tura wa gidan gwanjo, ɗauki hotuna da safe a inuwa bisa farin ƙyalle: gefe biyu, sama, ƙasa, cikin ƙoƙo, tambari kusa-kusa, da kowane aibi. Auna tsawo da nauyi. Sikelin masu sayar da zinariya ya fi dacewa. In za ka aika, naɗe shi cikin auduga a ƙaramin kwali mai tauri, kuma kada ya kwana a rumfar kwano cikin zafin watan Afrilu.