Yadda na gyara saitin tsohuwar bindigar farautar koyot

Koyot, dilan Amurka, ya addabi 'yan tumakinmu a jihar Nebraska. Sai na zaɓi tsohuwar bindiga mai sakata, 'yar gwanjo, mai cin harsashi .22-250, don yana tafiya miƙe a buɗaɗɗen fili.

Ranar gwaji a yadi 100, harsasai suka warwatsu, raina ya ɓaci. Na ɗaure notin madubin saiti, shiru. Da na zura takardar dala tsakanin bututu da katakon bindigar don in ga ko akwai 'yar tazara, sai ta maƙale. Ashe danshi ne ya kumbura katakon, yana tokare bututun.

Na tabbatar ba harsashi ciki, na kwance ta, na goge wurin da samfefa kaɗan-kaɗan, na shafa banish saboda ruwa. Yanzu harbi 5 suna faɗawa kusan wuri guda.