Yadda za ka ga halittun da ke cikin hanjin gara

Inda aka fi yin tuntuɓe a wannan aiki shi ne wurin zaɓen garar. Kada ka nufi suri. Garar da ke gina manyan surai, wato Macrotermes, naman kaza take nomawa a cikin gidanta, ba ta da halittun da muke nema, wato ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani. Nemi wadda ke zaune cikin busasshen katako ko ruɓaɓɓen icce, kamar Cryptotermes ko Reticulitermes. A cikinsu ma ɗebi ma'aikata masu farin jiki da cikakken tumbi, ka ƙyale sojoji masu ƙaton kai.

Tanadi komai kafin ka taɓa ta: maikiroskop (madubin ƙara girman ƙananan abubuwa), gilashin ɗora samfuri da murfinsa, hantsaki biyu masu tsinin baki, man basilin, da ruwan gishiri, giram 6 a lita 1. Zallar ruwa kumbura halittun yake yi su fashe.

Ɗiga ruwan gishirin a kan gilashi. Riƙe kan garar da hantsaki ɗaya, kama ƙarshen bayanta da ɗayan, ka ja a hankali. Hanjin zai biyo. Sashen baya mai kumburi, mai ruwan ƙasa-ƙasa, shi za ka huda a cikin ɗigon. Rufe nan take, ka shafe gefen murfin da basilin. Sauri fa! Iskar oksijin guba ce ga halittun, jinkiri kaɗan sai ka tarar da gawarwaki.

Fara da ƙarin girma sau 100, ka rage haske, don jikinsu garai yake, haske mai yawa ɓoye su yake yi. Ni a ganina nan ne kallon ya fi daɗi, cunkoso ne kowa na ture kowa. Idan garar taka Reticulitermes ce, nemo halittar da ake kira Trichonympha, wadda masanin halittu Joseph Leidy ya bayyana a 1877: ƙatuwa, gashi ya lulluɓe ta, tana juya kai dama da hagu. Koma sau 400 ka duba bayanta, za ka ga gutsattsarin icce da ta haɗiye. Ita da 'yan'uwanta ke narkar da iccen, garar ta sha romon. A shekarun 1920 masanin halittu L. R. Cleveland ya kashe halittun da zafi ko oksijin, garar ta ci gaba da cin icce amma yunwa ta kashe ta.

Idan ka tarar da hanjin fayau, wataƙila garar ba ta daɗe da yin saɓa ba. Duk saɓa sai ta rasa su, sai ta lashi ruwan da ke fita ta bayan 'yar'uwarta kafin su dawo. Ɗauko wata ka sake.