Gashin kayan cikin rago a kan garwashi: yadda ake yi a Maroko, Girka da Turkiyya

Kayan ciki ba su da kitse a jikinsu kamar tsoka, shi ya sa wuta take saurin busar da su. Hanta idan ta wuce minti biyu a kan lokacinta sai ta yi tauri, ta rinƙa marmashewa a baki. Ƙasashen da suka gwanance da wannan gashi duk dabara ɗaya suka kama: a lulluɓe naman da kitse, a gasa a kan garwashi, kada harshen wuta ya taɓa shi. A Maroko ana naɗe hanta da kitsen nan mai kama da raga wanda ya rufe tumbi, su kira shi bulfaf, kuma shi ne abin da gidaje da yawa suke fara ci ranar Babbar Sallah. A Afirka ta Kudu irin wannan naɗin sunansa skilpadjies, wato ƙananan kunkuru. Girkawa suna yin kokoretsi a bikin Ista, Turkawa kuma suna sayar da kokorec a bakin titi, dukansu da hanji ake naɗe su.

Aikin yana farawa ne tun kafin a hura wuta. Kayan ciki sun fi tsoka saurin lalacewa, don haka a gasa su ranar da aka yanka, ko a ajiye su a firiji zuwa washegari. A duba hantar da kyau. Idan akwai farare-farare masu tauri, ko ƙulli mai ruwa, ko tsutsa a cikin jijiyoyinta, a zubar da ita gaba ɗaya. Madaciya kuwa a yanke ta tare da ɗan naman da ke kewaye da ita. In ta riga ta fashe, duk wurin da ya yi kore a fere shi, domin wanki ba ya fitar da ɗacin.

A hura gawayi minti 30 zuwa 40 kafin a ɗora komai, har sai ya yi ja toka ta rufe shi. A tara garwashin gefe guda, a bar ɗaya gefen babu komai, saboda nan za a rinƙa janye nama idan wuta ta tashi. Gwajin zafi da tafin hannu ake yi: a ɗaga shi kamar santimita 12 sama da wayar gashi. In an iya jurewa daƙiƙa 3 zuwa 4, wutar ta yi daidai da hanta, zuciya da ƙoda. Kada a kunna da kananzir, kada a sa katakon da aka yi wa fenti. Kitse yana ɗaukar wari fiye da komai.

Bulfaf ya fi sauƙi, kuma da shi ya kamata mai koyo ya fara. Ana bukatar hanta giram 500, kitsen raga (wancan mai rufe tumbi) giram 250, gishiri ƙaramin cokali 1, garin kumin cokali 2, garin jan tattasai cokali 1. Idan kitsen ya sandare a firiji, a tsoma shi a ruwa mai ɗumi minti 5 ya saki, in ba haka ba zai yage wajen buɗewa. Sai a shanya shi ya tsane sarai. Jiƙaƙƙen kitse ba ya soyuwa, turara hantar kawai yake yi.

Matakin da mutane suke tsallakewa shi ne gashin farko. A ɗora hantar ɗungum a kan wuta, minti 3 kowane gefe, ta yi ƙarfi a waje, cikinta yana nan ɗanye. Amfaninsa biyu ne. Ɗanyar hanta tana da santsi, ba ta yankuwa daidai kuma ba ta zama a tsinke. Sannan kitsen siriri ne, yana narkewa kafin ɗanyar hanta ta nuna, to gashin farko shi ne yake sa su gama tare. A bar ta ta huce, a yanka gunduwa-gunduwa kamar santimita 2 da rabi, a barbaɗa rabin kayan ƙamshin. A yanka kitsen siri-siri, faɗin santimita 3, tsawon 15, a zagaye kowace gunduwa sau ɗaya da rabi. Naɗin da ya wuce haka cikinsa ba ya narkewa, sai a ci kitse fari mai kama dasashi. A soke tsinke ta inda bakin kitsen ya haɗu, guda 5 ko 6 a kowane tsinke, da ɗan tazara tsakaninsu.

Gashi na biyu minti 6 zuwa 8 ne, ana juyawa duk bayan minti ɗaya. Kitse zai ɗiga, wuta za ta tashi, hayaƙi zai turnuƙe. A janye tsinken gefen da babu garwashi har ta lafa. Kada a yayyafa ruwa, toka za ta tashi ta manne a nama. Ya nuna idan kitsen ya yi ja ya ƙanƙance, cikin hantar kuma babu jini. Mai na'urar auna zafi ya nemi digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. A barbaɗa sauran kumin da gishiri, a ci nan take da burodi. Kitsen rago yana daskarewa da wuri, shi ya sa a Maroko ake haɗa shi da shayin na'a-na'a mai zafi.

Zuciya tsoka ce, ba ta da rigima: a yanke jijiyoyin sama, a buɗe ta, a cire gudan jini, minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Ƙoda a ɓare tantaninta, a tsaga biyu, a cire farin da ke tsakiya, domin nan zarnin yake. A jiƙa ta a ruwan gishiri minti 30, a tsane, a gasa minti 3 kowane gefe. A Iran haka ake jera hanta, zuciya da ƙoda a tsinke daban-daban, kuma hikimar a fili take, tunda lokacinsu ba ɗaya ba ne.

Kokoretsi aikin kwana biyu ne, kuma rabinsa wankin hanji ne. Hanjin ɗan rago mai shan nono aka fi so, don ya fi laushi da ƙarancin wari. A tura bakin hanjin ciki da siririn kara a juya shi, a wanke da ruwa mai gudu, a cuɗa da gishiri da ruwan khal, a ɗauraye, a maimaita har ruwan ya fita garau. A yanka hanta, zuciya da huhu santimita 4, a sa gishiri, masoro, oregano (wani ganye mai ƙamshi) da lemun tsami, a jera su a dogon ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Huhu ba dole ba ne. A Amurka ma an hana sayar da shi don ci tun 1971. A rufe da kitsen raga, sannan a ɗaure bakin hanjin a ƙarshen ƙarfen, a bi tsawonsa sau biyu ko uku, kana a rinƙa naɗawa tamau har babu inda ake ganin kitse. A jingine shi a tsaye a wuri mai sanyi ya kwana yana tsanewa.

Gashinsa awa 2 zuwa 3. A fara da nisan santimita 35 daga garwashi ana juyawa ba tsayawa, sai a awan ƙarshe a sauko da shi kusa ya yi ja. In aka kusanta shi da wuta tun farko, hanjin zai ƙone ya tsattsage alhali tsakiya ɗanye. A soka wuƙa a wurin da ya fi kauri: ruwa ja ya fito, da saura, ruwa garau, a sauke, a bar shi minti 10, a zare ƙarfen a yanka fala-fala.