Yadda Ake Gano Inda Ƙugi da Shuu Suke Shiga Kayan Sautin Gida

Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga mutum ya ɗauki amfilifayarsa lafiya lau ya kai wa mai gyara, an buɗe ta, an canza abin da bai lalace ba, ya dawo gida ya jona, ƙugin nan yana nan daram. Sau da yawa ƙarar daga waje take shigowa, ta waya ko ta soket. Ita amfilifaya aikinta ke nan, duk abin da aka ba ta sai ta ƙara masa ƙarfi, waƙa ce ko gurnani.

Fara da kunnenka. Kashe fanka, rufe ƙofa, kunna kayan ba tare da ka sa komai ba, ka kasa kunne kusa da sifika. Ƙugi mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka, na wutar lantarki ne. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan juyin ne kake ji in ya samu kafar shiga. Shuu kamar iska na fita daga taya daban ne. Ƙas-ƙas mai zuwa ya tafi shi ma daban. Riƙe wanda ka ji, don shi zai nuna maka hanya.

Mataki na biyu shi ne mafi muhimmanci, kuma ko sisi ba ya ci. Kashe amfilifaya, zare duk wayoyin da ke kawo mata sauti, na talabijin, na dikoda, na kwamfuta, ka bar ta ita da sifikokinta kawai. Kunna. In ta yi tsit, ka wanke ta daga zargi. Sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana saurare, har ka kai ga wadda ta dawo da ƙarar. Kowane karo ka kashe kafin ka jona, domin tsinin wayar yakan taɓa kafin jikinta ya zauna, kuma fashewar da ke biyo baya tana iya ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

A gidaje da yawa nan ne za ka kama dikoda ko talabijin. Dalilin kuwa shi ne wayar da ta sauko daga tauraron ɗan'adam ko eriya tana da tata hanyar zuwa ƙasa, amfilifaya ma tana da tata ta soket. Hanyoyin biyu ba sa zama daidai wa daida, sai 'yar wuta ta riƙa bin jikin wayar sauti tana neman cike giɓin, ta zama ƙugi. Gwajin mai sauƙi ne: kwance wayar eriya daga bayan dikoda. In ƙugin ya ɗauke, ka gano shi. Maganin farko, haɗa dukkan kayan a kan soket ɗaya ta hanyar ekistenshan mai kyau. In bai isa ba, kuma talabijin da amfilifayar duk suna da ramin wayar haske (wanda ake rubuta wa optical), koma can, domin haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta. Akwai kuma 'yar na'urar da ake sawa tsakanin wayoyin sauti ta raba hanyoyin ƙasan biyu. Amma don Allah kada ka bi shawarar mai cewa ka karya ƙafar filogi ta uku. Ƙugin na iya tafiya, sai dai ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen amfilifaya, hannun yaron da ya dafa ta ne zai zama hanyarta zuwa ƙasa.

In ƙarar mai kaifi ce kamar zuzun ƙudan zuma, dubi maƙwabtan amfilifaya. Cajar waya mai arha, cajar laftof, wasu ƙwayayen fitila na LED, da abin rage gudun fanka, duk suna watsa datti cikin wuta. Kashe su ɗaya ɗaya. In kwamfuta ce ke ba ka waƙa, cire cajarta ta koma kan batir, nan take za ka sani. Wayar salula ma, musamman in ta faɗa kan 2G, ita ke yin dit-dit-dit ɗin nan gab da shigowar kira. Matsar da ita nesa, shi ke nan.

Lura kuma da wace wuta kake kai lokacin da ƙarar ke zuwa. In lafiya lau ne da wutar NEPA amma da an koma janareta ko inbata sai zuzu ya tashi, to matsalar daga can take. Ƙananan inbata masu arha ba sa ba da wuta mai santsi, a gutsuttsure suke ba da ita, kuma tiransifomar amfilifaya ba ta son haka ko kaɗan. Sitabilaiza ba za ta gyara wannan ba, ƙarfin wuta kawai take daidaitawa.

Sai wayoyi. Kada ka ɗaure wayar sauti da ta wuta wuri ɗaya don a ga tsafta. Raba su, in dole su haɗu su gitta juna. In sifika ɗaya ce ke ƙara, musanya wayoyin shigo da sauti, ja da fara, a bayan amfilifaya. Ƙarar ta koma ɗaya ɓangaren? To daga wayar ne ko na'urar da ke bayanta. Ta tsaya inda take? Sai ka musanya sifikokin su kansu, ka ga ko takardar ɗaya ce ta yage.

Ƙas-ƙas da ke tashi in ka murɗa maɓallin ƙara sauti, wannan kam ƙurar hunturu ce ta shige ciki. Zare filogi, murɗa maɓallin daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa. In bai tafi ba, a fesa masa maganin wanke kayan lantarki, ban da kananzir ko man inji. Shuu kaɗan da ba ka ji sai ka manna kunne da sifika, rabu da shi, kowace amfilifaya tana da shi.

To in ka zare komai amma ƙugin na nan a sifikoki biyu, kuma rage sauti ba ya rage shi, yanzu ne ya dace a nemi mai gyara. Galibi manyan kafasitocin da ke tace wuta ne suka bushe, zafi na saurin tsufar da su. Kada ka buɗe da kanka, suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Gaya wa mai gyaran irin ƙarar da ka ji, da abin da ka riga ka cire, ka ce ya fara auna kafasitocin, kuma in ya canza ya ba ka tsofaffin ka gani.