Kurakuran da Suka Fi Kayar da Mai Sharhi da Marubucin Wasanni

Kuskuren da ya fi yawa ga sabon mai sharhin ƙwallon ƙafa shi ne rashin bambance rediyo da talabijin. Mai sauraron rediyo ba ya ganin komai, saboda haka dole a faɗa masa wanda ƙwallo take ƙafarsa da ɓangaren filin da take, a kuma riƙa maimaita yawan ci da mintunan da aka yi, domin wani yanzu ya kunna akwatinsa. Tun a 1927, lokacin da BBC ta watsa wasan Arsenal da Sheffield United kai tsaye, sai da aka buga wa masu sauraro zanen fili mai gida takwas, mutum na biyu yana kiran lambar gidan da ƙwallo take. A talabijin kuwa, wanda ya ce "ya buga, ta fita" ya ɓata yawun bakinsa, tunda mai kallo ya riga ya gani. Abin da ake so daga gare shi dalili ne: ya nuna cewa ɗan bayan hagu ya yi gaba ya bar gurbi, kuma ta nan aka shigo.

Sai dogaro da tsohon sani. Har yanzu akan ji mai sharhi yana kukan satar gida bayan jifa daga gefe, alhali babu satar gida a jifa, ko bugun kusurwa, ko bugun mai tsaron raga daga gida. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta soke fifikon ƙwallon da aka ci a gidan abokin hamayya tun 2021, amma wasu ba su daina lissafi da shi ba. Maganin wannan shi ne karanta dokokin da IFAB, hukumar da take tsara dokokin ƙwallon ƙafa, take sabuntawa kowace shekara, kafin a ɗora wa alƙalin wasa laifin da bai yi ba.

Sunayen 'yan wasa ma abin lura ne: a tambayi yadda ake furta su, a rubuta su kusa da lambar riga a takarda guda kafin a take wasa.

Shi kuwa marubuci, gaggawa ce take kayar da shi. A wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai na 1999 a Barcelona, Bayern Munich tana gaba da ci ɗaya har minti na 90, sai Sheringham da Solskjær suka ci wa Manchester United biyu a mintunan da aka ƙara. Duk wanda ya riga ya naɗa wa Bayern rawani a rubutunsa sai da ya sake shi daga farko. Ana iya rubuta tsakiyar labari ana cikin wasa, amma kanu da sakin layi na farko sai an busa tashi, kuma a cikinsa a fara da sakamakon da abin da ya haifar da shi, ba da bayanin minti na ɗaya ba.